Zauren Gwaggo: Wa Baƙo Zai Tambaya In Yunwa Ta Kama Shi?

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan ciki suka tsaya, cikin matafiyi. Na zaɓi biyar, na rage wa wasu tsawo saboda fili.

Gwaggo, barka da aiki. Ofis zai tura ni ƙasar waje karo na farko, mako uku. Mama ta ce kada in kuskura in ci komai a titi, in tsaya ga abincin otel da ƙunshin da za ta sa mini a jaka. Ni kuwa ina marmarin ɗanɗana abin da mutanen can ke ci. Ina tsoron ciwon ciki, ina kuma tsoron in dawo ban san komai ba sai ɗakin otel. Yaya zan yi?
*'Yarki, ma'aikaciya*

'Yata, ki gaida mini Mama, ki karɓi ƙunshinta hannu biyu. Zai yi miki rana daren da jirgi ya sauke ki ƙarfe biyu, kowa ya rufe shago. Amma a kan maganar otel, ni da ita mun raba hanya.

Tsoronta ba na banza ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin 100 na matafiya kan yi fama da gudawa, gwargwadon inda suka je da lokacin da suka je. Abin kuma ba yau ya fara ba. Ibn Battuta, wanda ya shafe kusan shekara 30 yana yawon duniya, ya isa birnin sarkin Mali a 1352. Kwana goma da saukarsa shi da abokan tafiyarsa suka ci wani abinci na wata saiwa mai kama da gwaza, wanda mutanen garin suka fi so a kan komai. Su shida suka kwanta, ɗaya ya rasu, shi kuma ya yi wata biyu yana jinya.

Sai dai ƙwayar cuta ba ruwanta da otel, ba ruwanta da titi. Zafi ta sani da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafuwar da ta kai digiri 70 tana kashe kusan duk ƙwayoyin da ke cutarwa, tsakanin digiri 5 da 60 kuma nan ne suke hayayyafa, don haka dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba firji. To yanzu auna mini. Ga dogon teburin otel na ɗebi-da-kanka, shinkafa da kaza tun azahar suna kan wata 'yar wuta da ba ta kai ta kawo ba, hannu hamsin ya taɓa cokali ɗaya. Ga kuma wata mata a bakin hanya, kaskonta na ƙara, tana kwashewa daga mai zuwa faranti, kafin ta juya wani ya miƙa hannu. Wanne ya fi kusa da digiri 70? Kicin ɗin otel ba ki taɓa ganinsa ba, ba kuma za a bar ki ki leƙa ba. Na matar nan a gabanki yake.

Shinkafa ma ita ce munafukar. Akwai wata ƙwaya da ke tsira daga dafuwa, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shi ya sa ban damu da ko an ɗumama ba, tambayata yaushe aka dafa.

In na tsaya gaban mai abinci, layi nake fara kallo, da waɗanda ke cikin layin. In na ga mata da yaransu, da ma'aikata sanye da kayan aiki, hankalina ya kwanta rabi, domin waɗannan gobe ma nan za su dawo, mai abincin kuma ya san haka. Ina son wanda abu ɗaya ko biyu yake sayarwa, tukunyarsa na ƙarewa ana ɗora wata. Sai hannu: wanda ya karɓi kuɗi shi ne ya damƙi burodin? Sai bokitin wanke kwanuka, wanda yawanci a ƙarƙashin tebur yake, shi ne kuma ke faɗin gaskiyar da fuskar mai shago ba ta faɗa. Ki kuma ci a lokacin da masu gari ke ci. Wanda ya zo neman abincin rana da la'asar, saura zai tarar.

Abin da ya fi kayar da baƙi sau da yawa ba ya cikin tukunya, a gefenta yake: ƙanƙarar cikin lemo (sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta yake yi), ɗanyen ganyen da aka watsa a kai don ado, miyar yajin da ta wuni a buɗe kan tebur, kankanar da aka yanka tun safe. 'Ya'yan itace ki saya da ɓawonsu ki ɓare da hannunki. Ruwan gora ki ji ƙarar murfinsa lokacin da kika buɗe.

Kada kuma a sa miki a rai cewa abincin titi abin raini ne. A Singafo gwamnati ta kwashe masu sayar da abinci daga tituna ta gina musu rumfuna masu famfo da magudanar ruwa, yau suna da irin waɗannan cibiyoyi fiye da 100, a 2020 kuma UNESCO ta sa al'adar cikin kayan gadon duniya. A Bangkok wata dattijuwa, Jay Fai, da ke soya ƙwai da kaguwa kan garwashi sanye da tabarau mai hana hayaƙi shiga ido, ta samu tauraron Michelin a ƙarshen 2017, lambar da manyan kuku ke ƙarar da rayuwarsu suna nema.

Abu biyu kafin ki tashi. Ki je asibiti aƙalla mako biyu kafin tafiya, ki tambayi allurar rigakafin taifot da ta ciwon hanta nau'in A, duka ta ci da sha ake ɗaukarsu. Sannan kwana biyun farko ki ci kaɗan-kaɗan. Cikin mai gari ya saba da ƙwayoyin garinsu tun yana yaro, naki baƙo ne kamar ke.

Hajiya, ni ɗan kasuwa ne, ina fita sari. A tafiyata ta baya na ce da direban tasi ya kai ni inda ake abinci mai kyau. Ya kai ni wani wuri mai kyalli, aka kawo kifi, da lissafi ya zo sai da na kama tebur. Daga baya na ji ashe yana da la'ada a kan duk wanda ya kawo. Tun daga nan na daina tambayar kowa. Na yi daidai?
*Wani Alhaji*

Alhaji, sannu da wannan ɗanyen aiki da aka yi maka. Amma ba ka yi daidai ba. Kai da ka san kasuwa, ka taɓa daina ciniki don dillali ɗaya ya cuce ka?

Baƙo ko da ido makaho ne, dole ya tambaya. Gyaran yana ga wa za a tambaya da yadda za a tambaya. Ma'aunina ɗaya ne, kuma har yau bai ba ni kunya ba: wa ya fara zuwa wurin wa? Mutumin da ni na tare, yana cikin sabgarsa, na katse shi da tambaya, ba shi da abin da zai ci a kaina. Wanda shi ya tare ni, ya tsallako titi da fara'a, da harshen da zan ji, ya san ƙasata ya san ƙwallon ƙasata, wannan yana bakin aiki ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A Beijing da Shanghai an daɗe da sanin matasan da kan tare baƙo su ce ɗalibai ne masu son koyon Turanci, su gayyace shi shan shayi, a ƙarshe a dire masa lissafin da ya fi kuɗin otel ɗinsa. A Santambul akwai mai irin wannan fara'a da kan ja baƙon da ya ga shi kaɗai zuwa wurin “abokinsa”. A dandalin Jama'ul Fana na birnin Marrakesh a Maroko kuwa abin a fili ake yi, samari na tsaye gaban rumfuna masu lamba suna jan hannun riga. Waɗannan aƙalla ba su ɓoye ba, sai ka yi dariya ka wuce inda ka ga 'yan gari sun cika benci.

Direban tasi yana tsakiya. Kai ka tare shi, gaskiya ne, amma sana'arsa kai mutane wurare ce, masu gidajen abinci kuma sun san haka. Haka ma mai tarbar baƙi a otel, da ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido. Ni na fi tambayar mai kantin magani, da matar da ke gyara ɗakin otel, da mai gadi, da malamin makarantar da na gani yana jiran mota. A wajenka ma abin ya fi sauƙi: mutumin da kake sari a hannunsa yana son ka dawo baɗi, ba zai tura ka inda za a yanke ka ba. Yaron shagonsa ma ya fi shi sanin inda ake ci a ƙoshi.

Sai kalmar tambayar. Ka ce wa direba “inda ake abinci mai kyau”. Ko da mutumin kirki ne, da ya dubi shigarka sai ya kai ka inda yake ganin ya dace da babban baƙo, inda shi kansa bai taɓa zama ba. Mutane na jin kunyar nuna wa baƙo 'yar rumfar da suke ci, suna ganin za ka raina garinsu. Don haka ni ba na cewa ina ne ya fi kyau. Cewa nake yi: “Yau da rana a ina ka ci?” ko “In mahaifiyarka ta zo gari, ina kake kai ta?” Sai in ƙara da, “Me zan ce a ba ni?” Wanda ke cin abinci a wuri da gaske ba ya tsayawa tunani, zai faɗa maka sunan abinci ɗaya, har ya gargaɗe ka kada ka wuce ƙarfe kaza don yana ƙarewa. Ɗan la'ada zai ce komai nasu da daɗi, sannan ya ce bari ya raka ka. Wannan rakiyar ita ce alamar. Mai nuna hanya tsakani da Allah da yatsa yake nunawa ya koma aikinsa.

Da irin wannan tambayar na san ƙananan gidajen abincin 'yan kasuwa na Santambul, inda tukwane ke jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka wake da shinkafa da miya, kafin la'asar sun kwashe. Wani tela ne ya nuna mini, ko ɗago kai daga kekensa bai yi sosai ba. In mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, to tafi kawai.

Kifin da ya sa ka kama tebur kuwa, ina zargin awo ne. A wurare da yawa farashin da ke rubuce na gram 100 ne, ba na kifin duka ba. Ka sa a auna a gabanka, a rubuta maka jimla kafin ya shiga wuta. Wurin da babu farashi a rubuce, tambaya kafin zama ba rowa ba ce. Ka kuma san cewa ba kowane ƙari ne cuta ba: a Italiya ana cajin kuɗin zama kan kowane kai, a Fotugal burodi da zaitun da aka ajiye maka ba kyauta ba ne in ka taɓa, a wasu wuraren ci na Japan ana kawo ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba kuma yana cikin lissafi. Haka suke yi wa kowa, har 'yan gari.

Wuri ɗaya ne ba na sassautawa. In kana tafiya kai kaɗai da kuɗin sari a jiki, a jirgin ƙasa ko motar dare, kada ka karɓi buɗaɗɗen abin sha ko abinci daga wanda kuka haɗu yanzu. 'Yan sandan jiragen ƙasa na Indiya sun daɗe suna gargaɗi kan masu sa maganin barci a shayi da biskit, a Kolombiya ma hukumomi na irin wannan gargaɗi. Shawarar baƙo ka karɓa, domin kai za ka je da ƙafarka ka gani da idonka. Kofin da ya buɗe a bayan idonka, ka ce ka gode.

Gwaggo, mene ne na wahalar tambayar mutane alhali waya na nuna wurin da ya fi taurari?
*Jikanki, ɗalibi*

Jikana, masu ba da taurarin nan su ma baƙi ne, sai dai su ba ka ga fuskarsu ba. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya yi wa rumfar bayan gidansa rajista a TripAdvisor, shafin intanet da matafiya ke ba wurare taurari, a matsayin gidan abinci, abokansa suka yi ta rubuta yabo, cikin kusan wata shida ta zama ta ɗaya a duk birnin, ba ta taɓa sayar da ko cokali ɗaya ba.

Ban ce ka jefar da wayar ba. Tana da amfani wajen sanin lokacin buɗewa da ganin hoton farashi. In za ka karanta sharhi, nemi wanda aka rubuta da harshen garin, ka sa wayar ta fassara maka, ka kuma fara da na masu ƙorafi na kwanan nan. Yabon da duk da harshen masu yawon buɗe ido aka yi shi, abin da yake gaya maka kawai shi ne wurin na kusa da otel.

Anti, wata abokiyar karatuna 'yar Habasha ta kai ni gidansu hutu. Sun karrama ni matuƙa, amma aka kawo niƙaƙƙen nama ɗanye da man shanu da yaji, mahaifiyarta har tana ba ni a baki. Na ci don kunya, raina bai so ba. Nan gaba yaya zan ƙi ba tare da na ɓata wa mutane rai ba? Kuma yaya zan san abin da ya halatta gare ni a ƙasar da ba na jin harshensu?
*Ƙanwarki*

Ƙanwata, wannan lomar da aka sa miki a baki babbar girmamawa ce a wajensu, ba kowa ake yi wa ba. Abincin kuma kitfo ne, ana iya ɗan ɗumama shi ko a soya shi sarai in an nema, su kansu da yawa haka suke ci, saboda ɗanyen naman sa na iya ɗauke da tsutsar ciki. Da kin raɗa wa ƙawarki tun a hanya, da an soya naki ba wanda ya ji komai.

Nan ne ya kamata a rarrabe abu biyu. Mai masauki yana da gaskiya a kan daɗi, ba lallai yana da ita a kan lafiyarki ba, kuma ba da mugunta ba. A Masar akwai wani kifi mai gishiri da ake bari ya ruɓa, fasikh, wanda ake ci a bikin bazara, mutane na sonsa kamar me. Ma'aikatar lafiyarsu kusan kowace shekara sai ta yi gargaɗi a kansa, a 1991 kuma gubarsa ta kashe mutum 18. Wanda ya miƙo miki shi da zuciya ɗaya ya miƙo.

Yadda ake ƙi kuwa an riga an koya mana. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Da aka kawo masa gasasshen damo bai ci ba, Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Kin ga, ba yatsina, ba wa'azi, an ɗora dalilin a kan mai ƙi, ba a kan abincin ba. Ki ce cikinki ne bai saba ba, sannan ki ci wani abin da ke kan faifan da kyau, ki yi santi, ki nemi ƙari. Uwar gida ba ta riƙe wanda ya nemi ƙari a zuci.

A kan halal, tambayar “akwai naman alade?” ba ta wadatar ba, domin mai abinci zai ce babu, da gaskiyarsa, alhali da kitsensa aka soya ko da ƙashinsa aka yi romon. A Meziko ana yawan dafa wake da man alade, a girkin Japan ana zuba wata giyar shinkafa mai zaƙi a miya da yawa. Ki sa wani mai jin harshen ya rubuta miki a takarda: nama, kitse, romo, giya. Haka ma mai rashin jituwa da gyaɗa ko jatan lande ya yi, shi nasa ma ya fi gaggawa. A Malesiya da Singafo akwai tambarin halal na hukuma. A Indiya koren ɗigo cikin murabba'i a jikin kaya na nufin ba nama a ciki. A Sin gidajen taliyar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, masu jan taliyar da hannu a gabanki su tsoma a romon naman sa, suna kusan kowane birni, ki sa a nuna miki haruffa biyun da ke nufin halal a kan allonsu ki ɗauki hoto a waya. Inda duk ya cushe, ki nemi masallaci ranar Juma'a ki bi sahun masu fitowa.

Gwaggo, wata mata a tashar mota ta nuna mini wani mai gasa kaza, na ci da daddare, kafin asuba cikina ya ɓaci. Ba ita ta jawo mini ba?
*Ɗanki, direban babbar mota*

Ɗana, wataƙila, amma kada ka yi saurin ɗaukar alhakinta. Gubar da ta riga ta taru a abinci ita ce ke bugawa cikin 'yan awanni, yawanci da amai, ta kuma wuce cikin yini guda. Gudawar da ƙwayoyin cuta ke kawowa kan ɗauki daga awa 6 har kwana 3 kafin ta bayyana. Mai laifin zai iya zama lemon ƙanƙarar da ka sha shekaranjiya, kaza mai zafi daga garwashi ta ɗauki zargi don ita ce ta ƙarshe.

In ta sake faruwa a hanya, abin tsoro shi ne bushewar jiki. Ka riƙa ajiye ƙunshin gishiri da sukari na kantin magani a mota. In babu, lita 1 ta tafasasshen ruwa ko na gora, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, ka riƙa kurɓa a hankali ko da kana amai. Kada ka ƙara gishirin don ka ji bai fito ba. Maganin tsayar da gudawa yana taimakon wanda dole ya yi tuƙi, amma ba a shansa in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi. Waɗannan biyun, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri in ka miƙe, ko abin ya wuce kwana 3 ba sauƙi, asibiti ne, ka ajiye motar. In kuma bayan ka koma gida da mako ɗaya ko biyu ciki ya fara kumburi da gudawa mai ɗaukewa tana dawowa, ka gaya wa likita garuruwan da ka bi da irin ruwan da ka sha, domin akwai ƙwayar da sai a lokacin take nuna kanta, maganinta kuma daban ne.